Shago Bakwai Saboda Alƙalami Ɗaya

Akwai wani magatakarda a wata makarantar sakandare, ya shekara ashirin da huɗu a kan tebur ɗaya. Aikinsa rubuta sunayen ɗalibai da hannu a takardun shaidar kammala karatu. Kowa Sakatare yake ce masa.

Ba ya taɓa biro. Yana da wani baƙin alƙalami irin mai shan tawada, wanda ubangidansa na farko ya bar masa da zai yi ritaya. A cikinsa akwai ɗan famfo, wato ɗan bututun da ake murɗawa ya zuƙo tawada daga kwalba. Sakatare yana ji da alƙalamin nan kamar tsoka ɗaya a miya.

Kwatsam sai alƙalami ya fara yoyo. Yau ya ɓata aljihun riga, gobe ya ɗiga a kan sunan ɗalibi, sai an sake takarda. Da ya kwance shi, sai ya ga ta gindin famfon tawadar ke tsatsowa.

Bai yi dogon tunani ba. Matarsa ce ke cire alƙalamin daga aljihu in za ta yi wanki, don haka a wurinsa magana ta ƙare.

"Kin yar da shi, ko?" in ji shi.

Ta ce, "Ban yar ba, Malam. Amma ni na lura tawadar nan..."

"Ya isa. Shekara ashirin da huɗu bai yi yoyo ba sai a hannunki. Ba na son jin komai."

Ta yi shiru. Shirun nan kuwa ya zauna a gidan har mako uku. Tana gaishe shi, tana kawo abinci, tana ɗauke kwano, amma hirar da suka saba yi bayan la'asar ta mutu. Ya ga hakan sarai, abin yana damunsa, sai dai girman kai ya ce masa ai mai laifi ne ke shiru.

Kullum in ya tashi aiki, sai ya shiga neman sabon famfo. Shagon farko, mai kayan rubutu ya juya alƙalamin ya yi dariya. "Har yanzu akwai masu amfani da wannan? Ga biro, dozin guda."

Shago na biyu suna da famfo, amma bakinsa ya yi faɗi. Famfon shago na uku ya shiga, amma murfi ya ƙi rufuwa. Na huɗu aka ce ya dawo jibi, ya dawo ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Haka ya yi ta yawo cikin rana, ƙafa ta kumbura, takalmi ya sha ƙura, har shago shida. Kuma duk inda ya shiga, kafin a tambaye shi ya riga ya faɗa: "Matata ce ta yar da shi."

A shago na shida wata mata mai sayar da littattafai ta ji tausayinsa. Ta kwatanta masa wani tsoho mai gyaran tabarau a bayan tashar mota, ta ce ba ya zubar da komai.

Shagon tsohon bai fi taku uku ba. Sakatare ya zauna a benci ba tare da an ce ya zauna ba. Ya miƙa alƙalamin.

"Baba, famfo nake nema. Matata ce ta yar da shi."

Tsohon ya karɓa. Ya jawo wani gwangwanin biskit cike da tarkacen tsofaffin alƙaluma, ya yi ta tonawa. Ya gwada ɗaya, ya gwada biyu, na biyar ya zauna daram. Sakatare ya sauke ajiyar zuciya.

Amma tsohon bai ba shi ba tukuna. Ya ɗauki tsohon famfon ya duba da madubin ƙara girma, sannan ya kai shi hanci ya shinshina.

"Ɗana, wannan bai taɓa faɗuwa ba. Abin da ya faɗi yana da tsagewa, wannan ko ƙwarzane babu. Robar cikinsa ce ta narke. Wace tawada kake ba shi?"

Nan take Sakatare ya tuna. Wata biyu da suka wuce kwalbarsa ta ƙare, ya yi ƙyuyar zuwa saye. Ga kwalbar tawadar hatimi a kan teburinsa, wadda ake ɗiga wa kushin buga tambari. Ya ce a ransa tawada ai tawada ce.

Da ƙyar ya ce, "Ta hatimi."

"To, ita ta cinye shi. Ka sake ba wannan ita, wata ɗaya ba zai yi ba, ni kuma ba ni da wani." Tsohon ya miƙa masa alƙalamin. "A shago nawa ka ce ita ta yar?"

Sakatare ya ƙirga a zuci. "Da naka, bakwai."

Tsohon ya girgiza kai kawai, ya koma kan tabarau ɗin da yake gyarawa.

Hanyar gida ta yi masa tsawo ranar. Alƙalami ya gyaru, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba.

Ya sami matarsa a tsakar gida, durƙushe a gaban baho, tana dirzar aljihun farar rigarsa. Yau ne ya kalli hannunta da kyau. Yatsun sun yi shuɗi, fatar ta tsattsage saboda maganin cire tabo.

Ya tsuguna kusa da ita. "Ba ke ba ce. Ni ne, tawadar hatimi na riƙa zuba masa. Ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Malam. Tun wankin farko na ji warinta daban, kuma ba ta fita kamar ta da. Shi na fara faɗa maka ka ce ya isa."



Ta matse rigar, ta miƙe a hankali tana dafa ƙugu. "Na yafe. Abin da ya gajiyar da ni ba wankin ba ne. Alƙalami ka yi wa yawon shago bakwai, ni kuwa ka kasa jira in ƙarasa magana ɗaya."

Ta wuce ta shanya rigar. Tabon yana nan a aljihu, bai fita ba.

Darasi: Kafin ka ɗora wa na kusa da kai laifi, bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, wataƙila amsar da za ka sha wahalar nema tana bakinsa. Kayan da ya lalace ana samun madadinsa ko a gwangwanin tsoho, amma sunan da ka ɓata a shago bakwai ba ka iya bi ka goge. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saurin cewa "ya isa".