Abar da Ta Amsa Sunan Tasalla

Ku matso kusa, ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna!

Wata shekara hatsi ya yi tsada, tuwo ya gagari mutane. Akwai wata yarinya Tasalla, 'yar aji uku a makarantar Malam Zalɓe. Uwarta ta ce, "Daga gobe babu boko. Tallan ƙuli za ki."

Tasalla na tafe tana kuka, sai ga Gizo.

"Yayinya, kukan me?"

"Malam zai kira sunana, ba mai amsawa."

"Ba ni ayon sunan, in tsaye miki bencinki."

Ta ba shi. Gizo ya kai wa wata aba da ke cikin tsohuwar rijiya, marar suna, marar fuska. Ta biya shi da gero.

Da safe Malam ya ce, "Tasalla!" Daga bencin da babu kowa aka ce, "Na'am." Yara suka waiga.

Gizo ya dawo: "Benci ya yi fayau, ba ni inuwayki." Ta ba shi. Ya sake dawowa: "Sauya fuska, ba ni ita ma." Ta ba shi.

Ran nan ta dawo talla, ta tarar da wata Tasalla a tsakar gida tana cin tuwonta. Uwar ta dube ta ta ce, "Ke 'yar waye? Ba ma sayen ƙuli."

"Inna, ni ce fa!"

Uwar ta waiwaya. Ta duba mai cin tuwo: ba ta ƙifta ido, ruwa na ɗiga daga ƙafarta. Ta ja su biyun sai gaban Malam Zalɓe.

Malam ya miƙa alli. "Mai sunan ta rubuta shi."

Abar ta karɓa, allin ya jiƙe ya narke. Sai "Na'am, na'am" take ta yi. Tasalla ta karɓi wani, ta rubuta a karkace, amma ta kai ƙarshe. Nan take abar ta zube ta zama ruwa mai wari. Da Gizo ya ji labari, sai ya haye rufi.

Suna ya dawo, fuska ta dawo. Inuwa kuwa har yau tana rijiya.

To kun ji. Komai yunwa, kada ku bar bencinku, don akwai mai jiran ya zauna. Mu ma iyaye mu ji tsoro.

Kungurus kan kusu. Wa bai wanke rigar makarantarsa ba?