Bijimin Haji Sapoan da Kwana Goma Sha Huɗu

Akwai wani manomi a ƙauyenmu na nan tsibirin Lombok da ake kira Amaq Rumenah, wato baban Rumenah. Saniya ɗaya tak gare shi, ja mai fararen ƙafafu. Duk da haka shi mutane suka zaɓa ya riƙe musu garken gayya, inda kowane gida ke ɗaure shanunsa wuri guda tun zamanin da ɓarayi suka addabi gari.

Shanu talatin da takwas ne a ciki. Karatun yara na can, sadakin samari na can, har kujerar Makka ta wasu dattawa tana can tana tuƙa.

Doka ɗaya ce Amaq ba ya wasa da ita. Duk dabbar da ta fito daga kasuwa sai ta yi kwana goma sha huɗu a waje kafin ta shiga garke.

Wata Laraba da hantsi mota ta tsaya a ƙofar garken. Haji Sapoan ne, mai injin cashe shinkafa, wanda ya ba gari aron filin da garken ke kansa. Aka sauko masa da wani ƙaton bijimi baƙi, wuya kamar turmi.

"Amaq, buɗe ƙofa," in ji Haji. "Yau shanunku sun yi miji."

Aka kwashe da dariya. Amaq ya ajiye lauje, ya zagaya bijimin a natse, ya leƙa hanci, ya duba baki da ƙafafu.

"Masha Allah, Haji, ka iya saye. Ban ga komai a jikinsa ba. Sai dai ka san doka."

"Ba ka ga komai ba, kuma doka? Kai mai saniya ɗaya kamar akuya ne za ka koya mini kiwo?"

"Ciwo ba ya nuna fuskarsa ranar kasuwa, Haji."

"Filin nan na wane ne?"

"Naka ne. Shanun da ke kansa kuwa na mutane ne."

Ran Haji ya ɓaci. Ya ce tunda abin ya zama haka, ana gama girbin shinkafa kowa ya tuge turkensa ya bar masa filinsa. Mutum biyu suka ja Amaq gefe suna raɗa masa: "Don Allah ka buɗe masa. In ya kore mu, a ɗakin kwananka za mu ɗaure su?"

Amaq bai buɗe ba. Ya dawo gaban Haji ya ce, "Akwai tsohuwar rumfa a bayan gidana. Ka bar mini shi can. Ni zan yanko masa ciyawa, ni zan shayar da shi. In kwanakin suka cika lafiya, da hannuna zan shigar da shi, in kuma ba ka haƙuri a gaban jama'a."

Haji ba shi da wurin ɗaure dabba a gida, tsakar gidansa duk siminti ce ta shanyar shinkafa. Ya yarda, yana huci.

Daga ranar Amaq ya daina taka garken gayya, don kada ya kwashi wani abu a ƙafa ya kai musu. Ya ware wa bijimin bokitinsa da laujensa, har da takalmin shiga rumfar. In ya fito sai ya wanke hannu da ƙafa, ya sauya riga.

Ga shi saniyarsa na can da tsohon ciki. Dole matarsa, Inaq Rumenah, wato maman Rumenah, ta ɗauki yankan ciyawar saniyar.

"Tamu na can haihuwa ko yau ko gobe," in ji ta, "kai kana nan kana yi wa bijimin wani hidima kamar surukinka."

"Surukin ma bai kai shi ci ba," in ji Amaq.

A rumfar shan kofi kuwa, da ya tunkaro sai a fara: "A ba likita hanya! Likita, mu wanke ƙafa kafin mu gaishe ka?" Ya yi murmushi, ya sha kofinsa, ya koma gindin bijimi.

Ranar kwana na shida da safe ya tarar da ciyawar jiya ba a taɓa ba. Yawu na dalala daga bakin bijimin har ƙasa, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana saukewa. Amaq bai ɓoye ba. Ya kira likitar dabbobi a waya, sannan ya kira Haji.

Haji ya riga ta isowa. "Me ka ba shi? Lafiya lau na kawo maka shi!"

Ana cikin haka likita ta zo. Ta tsayar da Haji a bayan shinge, ta shiga ta buɗe bakin bijimin. Ƙuraje sun fashe a harshe da dasashi, wasu kuma a tsakanin kofato.

"Ciwon baki da kofato ne," in ji ta. "Daga kasuwa ya zo da shi. Ƙauye biyu da suka yi saye ranar nan yanzu maruƙansu ke mutuwa, masu ciki na ɓari. Shanu nawa ne suka haɗa kwamin ci da shi?"

"Ko ɗaya," in ji Amaq.

Ta dube shi da kyau. "A garken nan ne kaɗai na ji haka a makon nan."

Shanun Haji huɗu ne a garken gayya. Ya riƙe shinge, ya juya yana kallon wajen garken.

Aka yi wa shanun garke allurar riga-kafi. Bijimi kuma likita ta ce ko ya warke sai ya ƙara wata guda a keɓe. Amaq ya duƙufa jinya. Safe da yamma yana wanke masa baki da ruwan gishiri, yana shafa maganin likita a kofato, yana share ƙasan rumfar don ta zauna a bushe. Da bijimin ya kasa tauna, sai ya riƙa dama masa dusar shinkafa da mazarƙwaila yana ba shi kaɗan-kaɗan. Ko sau ɗaya bai ce wa Haji "ai na faɗa maka" ba.

Wata safiya Inaq ta je bakin gona yankan ciyawa, sai ta tarar da Haji tsugune da sabon lauje, farar hularsa duk ta yi laka.

"Haji, lafiya?"

"Koma gida, Inaq. Mijinki na ciyar da nawa, ni zan ciyar da tasa."

"To ka sassauta hannu, ciyawa ake yanka ba yatsa ba."

Haka ya yi ta ɗaukar dami a kafaɗa zuwa garke, masu shan kofi na yi masa barka da sabon aiki. Shi ke wurin ranar da saniyar ta haihu. Ya zo bayan shingen Amaq yana haki, ya ɗaga murya: "Mace ce! Ja, sak uwarta!"

Sai da maraƙar ta yi mako biyar Amaq ya fara ganinta da idonsa. Bijimi ya warke ya shiga garke, ba kuma saniya ko ɗaya da ta kamu. Girbi ya zo ya wuce, ba wanda ya tuge turke. Haji ma ƙarin fili ya yanka daga nesa kaɗan, aka kafa rumfar baƙi, inda ake keɓe shanun da suka fito daga kasuwa.

Da shekara ta zagayo, Amaq ya dawo daga kasuwa yana jan ɗan maraƙin da ya saya. Ya tarar da Haji tsaye a ƙofar garke. Haji ya zagaya maraƙin, ya leƙa hanci, ya duba baki.

"Masha Allah, Amaq, ka iya saye. Ban ga komai a jikinsa ba. Sai dai ka san doka."

Amaq ya yi dariya, ya nuna rumfar baƙi da haɓa. "Ai can muka nufa, Haji. Matsa mu wuce."

Darasi: Dabbar da ta fito daga kasuwa tana iya ɗauke da ciwon da ido bai gani ba tukuna, don haka a keɓe ta kafin a haɗa ta da garke, ko ta wane ce. Wanda kuma aka ba amanar jama'a ya tsaya a kan gaskiya ba tare da ya wulaƙanta kowa ba, domin haƙurinsa ne zai mayar da mai zaginsa abokin aiki. Ku tura wa duk mai kiwon da kuka sani, ko da tunkiya ɗaya gare shi.