Layar Wuyan Bajimi

An yi wani ƙauyen dabbobi a bakin fadama, inda kowa yake noma abin da zai ci. A cikinsu akwai Kunkuru, mai dogon tunani da gajerun ƙafafu. Akwai Jaki, tsoho mai haƙuri, wanda mangala ta ci masa baya har ya yi gyambo. Akwai kuma Bajimin Sa, wanda ke jan garma, kuma bai taɓa bari a manta da hakan ba. Kullum yana sanye da wata faffaɗar laya ta jan fata a wuya, ko wanka zai yi ba ya cire ta.

Mai maganin garin Bushiya ce. Yini take yi a daji tana haƙar saiwa da sassaƙe, ba ta da lokacin noma, don haka duk mai son magani sai ya kai mata damin dawa. Matsalar ita ce, wanda ciwo ya kwantar ba ya noma, wanda bai yi noma ba kuwa ba shi da dami. Shekara biyu ke nan Jaki yana fama da gyambonsa, ga damina ta matso, lokacin da ƙudaje ke yawa. Bushiya ta riga ta faɗa masa cewa idan tsutsa ta shiga, bayan nan ba zai ƙara ɗaukar kaya ba.

Wata rana Kunkuru ya tara kowa a gindin tsamiya.

"Shawara na zo da ita," in ji shi. "Mu yanki gona guda, mu kira ta gonar magani. Kowace Laraba da safe kowa ya fito ya yi aiki a cikinta. Abin da aka girbe, a ciyar da Inna Bushiya da duk wanda ya kwanta. Kowa zai shiga, ba a bar kowa a waje ba."

Bajimi ya hura hanci. "Dole ke nan? Ni da ko mura ban taɓa yi ba? Ku bar wa mai so ya shiga."

"In aka bar wa mai so," in ji Kunkuru, "kowa zai zauna a gida sai ranar da ciwo ya kama shi, sannan ya rugo. Wa zai noma gonar kafin ranar?"

Tunkiya ta ce gaskiya ne. Kaza ma ta ce gaskiya ne, ko da yake ita duk wanda ya yi magana na ƙarshe shi take bi.

Bajimi ya ga ba shi da mafita, sai ya sake salo. "To, na yarda. Amma da sharaɗi. Wanda ya zo da tsohon ciwo ba ya ciki. Ba zan yi huɗa da ƙarfina ba, wani ya shigo yau ya kwashe gobe." Yana magana yana kallon bayan Jaki.

Jaki ya sunkuyar da kai. "Bajimi, wannan ciwon fa a ɗaukar harawarka na same shi."

"Ban ce ba ka yi aiki ba, tsoho. Amma ciwonka ya riga gonar zuwa. Ranar Laraba Inna Bushiya ta duba kowa daga kai har kofato. Mai lafiya ya shiga, mai ciwo ya koma gida. In ba haka ba, ku nemi mai ja muku garma."

Babu mai garma sai Bajimi, shi ya sa suka amince, kowa yana kawar da ido daga Jaki. Abin da ban tausayi, tsohon ya kaɗa jela ya tafi.

Ranar Laraba aka jeru a gindin tsamiya. Bajimi ya tsaya kusa da Bushiya, wai don ya tabbatar ba a yi sassauci ba.

Aka fara da Tunkiya. Bushiya ta kara kunne a ƙirjinta. "Tarin nan tun yaushe?"

"Ai ɗan kaɗan ne, Inna, tun bara."

"Koma gefe!" in ji Bajimi.

Kaza ta zo tana ɓoye ƙafa a cikin fuffuke, aka ga kirci. Raƙumi ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara har Kaza ta zabura. Kunkuru da kansa, aka ga tsohuwar tsaga a ƙoƙon bayansa. Jaki kam bai ma jira an kira shi ba, ya je ya tsaya cikin waɗanda aka ware. Kafin hantsi ya yi zafi, gefen korarru ya cika, gefen masu lafiya babu kowa.

Bajimi ya yi dariya. "Ashe garin nan duk ruɓaɓɓu ne! To, sai a rubuta ni."

"Saura kai," in ji Bushiya.

"Ni? Inna, ki dube ni mana."

"Daga kai har kofato ka ce."

Ta duba haƙora, ta duba kofato, ta zagaya ta dawo. Sai ta tsaya tana sansana iska. "Cire layar nan."

"Ba a cire ta. Ta gado ce."

"Cire ta!" in ji Kaza, wadda yau ta sami ra'ayin kanta. Tunkiya ta kama, Raƙumi ya kama. Da surutu ya yi yawa, Raƙumi ya miƙa dogon wuyansa ya ciji igiyar, laya ta faɗi ƙasa.

Ga gyambo nan jajir a inda karkiya ke zama, kusan girman na Jaki.

Bushiya ta daɗe tana kallo. "Wannan ya kai shekara biyu. Nufinka ka shiga a matsayin mai lafiya, bayan wata ɗaya ka zo ka ce mini jiya ya fito, ko?"

Bajimi ya sunkuya. Ya ɗauki layarsa da baki, ya juya ya tafi, ƙasa har girgiza take don fushi.

Kunkuru ya gyara murya. "Sharaɗin ya kore mu duka, har da mai shi. Ina ga a ajiye shi." Babu wanda ya musa. A ranar suka ɗauki fartanya, mai tari da mai kirci da mai gwiwa, suka yi huɗa da hannu. Aikin ya yi nauyi kuma kunyoyin sun karkace, amma an shuka. Bushiya ta ce za ta fara aiki tun kafin girbi, ta wanke bayan Jaki da ruwan sassaƙe, ta hana shi ɗaukar kaya.

Ruwa ya sauka, ƙudaje suka zo. Bajimi yana can gonarsa shi kaɗai, ya mayar da laya ya ci gaba da jan garma a kan ciwo. Bayan mako uku karkiya ta gagare shi, ciyawa ta cinye dawarsa. Wata Laraba sai ga shi a bakin gonar magani, ya rame, wuya babu laya, ƙudaje sun yi masa baƙi.

"Na zo ne a sa ni," in ji shi a hankali.

"Da tsohon ciwo?" in ji Tunkiya. "Wa ya ce ciwo ya riga gona zuwa?"

Kunkuru ya juya ga Jaki. "Baba, kai aka yi wa. Me ka ce?"

Jaki ya dubi wuyan nan na ɗan lokaci. "Ku sa shi. Na san abin da ƙuda ke yi wa mai gyambo. In ya warke, garma na jiransa kowace Laraba kamar kowa."

Aka sa shi, amma a ƙarshen layi. Shi da ya saba tsayawa gaba, yanzu kowace safiya yana bayan Jaki a ƙofar Bushiya, kai a ƙasa, kowa na wucewa yana ganin abin da ya ɓoye. Jelarsa ba ta kai wuyansa. Jaki kuwa, ba tare da ya waiwaya ba, yakan ɗan ja da baya, ya riƙa kaɗa tasa jelar yana kore masa ƙudaje har layi ya zo kansu.

Darasin wannan labari shi ne, lafiyar da kake taƙama da ita yau ba ka san ranar da za ta juya maka baya ba, don haka ka sa hannu a taimakon juna tun kana da ƙarfi. Kuma kada ka rufe wa mai ciwo ƙofa don ya zo da ciwonsa, domin wata rana ta wannan ƙofar kai ma za ka nemi shiga.