Sunan da Ba a Kira Ba a Zauren Taro

Ranar Asabar, bakwai ga watan Rajab, aka yi mini laifin nan a zauren taron wata jami'a. Ku saurara da kyau, don ku za ku yanke hukunci.

'Yata ta fari mai bincike ce. A jikin ɗan Adam akwai wani furotin da ke cafke sinadarin bitamin A, kamar kwaɗo da makullinsa. Ita ta dasa irinsa cikin ƙwayoyin bakteriya suka riƙa yin sa a kwalba, don a gwada maganin sankarar jini a kansa. Aikin bai kammala ba Allah Ya karɓi abinsa. Mahaifiyarta ta riga ta. Ni kaɗai na rage a gidan.

Abokan aikinta uku suka ɗora. Da firjin ɗakin binciken ya lalace tsakiyar bazara, Dakta Haladu ne ya zuba ƙwayoyin a kula da ƙanƙara, ya rungume a mota har wani gari. Ba don shi ba da sun mutu.

Mansura, aminiyarta, ita ta tace furotin ɗin. Ya sha tsinkewa kamar madara, tana sakewa daga farko, har ya fito tas. Ba don ita ba babu abin gwadawa.

Tukur ya yi ta gwada magunguna a kansa har ya dace da wanda ya kama. Ba don shi ba da aikin na nan a daskare.

Aka ba su lambar yabo, aka gayyace ni. Na sa babbar rigata na zauna a layin baya.

Haladu ya fara jawabi, bai ambace ta ba. Wai mamaci a ƙarshe ake ambatonsa, tare da addu'a. Mansura ta buɗe baki sai ta fashe da kuka, ta ce ta gode, ta zauna. Tukur kuwa ya sauko har inda nake, ya miƙo mini makirfo.

"Baba, kai ka fi kowa cancanta. Faɗa wa jama'a sunan mai aikin nan."

Ɗan Bahaushe ke faɗa mini haka! 'Yar fari fa! Tun ranar da aka yanka mata rago bakina bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Na riƙe makirfo, ido ya yi mini yawa. Wani daga gefe ya ce, "Tsohon ba ya ji ne?" Aka yi dariya. Sai aka kira azahar, zaure ya watse.

Na ƙarar da ƙuruciyata ina kiran sunayen 'ya'yan mutane a aji kowace safiya, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Tawa aka tsallake.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Haladu ya ce, "Na bar wa na ƙarshe ne, Malam." Mansura ta ce, "Baba, ka ga yadda na yi." Tukur ya ce, "Girmama ka na yi."

Ba lambarsu nake so ba. So nake a sake tara jama'ar nan, mutum ɗaya ya miƙe ya nemi gafara, ya kira sunanta da ƙarfi in ji da kunnena.

To, wane ne a cikin ukun nan ya wajaba ya miƙe?