Janti Na Huɗu

Akwai wani maƙerin alminiyam a garin Madawa, sunansa Abdoulkadir. Rumfarsa tana bayan tashar motocin Buza. Shekara talatin ya yi yana zuba tukwane, yana liƙe duk wani farin ƙarfe da ya fashe. Da motocin zamani suka yawaita, sai ya zama shi ake kai wa janti, ƙarfen nan da ake ɗaura taya a kai, idan dutse ya ɓantare shi ko rami ya lanƙwasa shi.

Yana da ƙanwa guda, Kaltuma, tana aure a Deule. Ɗanta na fari, Nazir, a gidan Abdoulkadir ya tashi, don a Madawa ya yi lakwal, wato makarantar boko. Da ya girma sai ya bi ayarin masu neman zinariya can arewa. Shekara shida ba a gan shi ba. Da ya dawo, ya dawo da arziki. Ya gina gida, ya auri wata yarinya mai kunya ana kiranta Aziza, sannan ya sayo motar da duk Madawa ba a taɓa ganin irinta ba.

Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu. Ga ta ƙasa-ƙasa, ko kaza ba ta iya ratsawa ƙarƙashinta. Idan ya taka ta, sai an ji ƙugi daga kasuwa har bakin gari.

To, mota irin wannan ba don ƙasar Adar aka yi ta ba. Sau ɗaya ya je Kaita da ita don abokai su gani, duwatsun hanya suka ciccije jantunan nan huɗu, suka bar su kamar bakin tsohuwar tukunya.

Wata ranar Laraba ya tsaya gaban rumfar kawunsa. Bai fito ba, oda ya danna.

Abdoulkadir ya ajiye guduma ya fito da fara'arsa.

Nazir ya ce, "Kawu, ga aiki na kawo ma. Asabar za mu tahi Deule, sunan ɗiyar Ikram ƙanwata. So nike jantunan ga su yi ƙyalli awa yau aka sayo su."

Zuciyar tsohon ta yi sanyi. Tun dawowar Nazir, wannan ne karon farko da ya nemi wani abu a wajensa. Ya ce, "Bar su nan. In sha Allahu ka ga aiki."

Ya ture sauran ayyukansa gefe. Ya kwance jantunan, ya cire tayoyin, ya wanke su tas. Duk inda ya ɓantare ya cike shi da walda, ya bi da zarto a hankali har bakin ya koma daidai da sauran, ya goge da takardar yashi mai kaushi, ya sake gogewa da mai laushi. Sannan ya fesa fenti ruwan azurfa, ya bar shi ya sha iska, ya ƙara wani. Uku suka fito suna ɗaukar ido, har direbobin tasha suna zuwa kallo.

Saura na huɗu, na gaba, ɓangaren dama.

Al'adarsa ce kafin ya taɓa janti sai ya rataye shi ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Ukun farko sun yi ƙara kamar ƙararrawa. Wannan kuwa da ya buga, sai ya amsa kamar fasasshiyar ƙwarya.

Ya sake bugawa. Haka dai.

Ya sauke shi. Ya shafa masa kananzir, ya goge, ya barbaɗa garin alli, ya zauna yana kallo. Can sai ga wani siririn layi ya jiƙo cikin farin allin, kamar zaren gizo. Daga bakin ramin noti ya taso, ya bi ƙafar jantin har kusa da rabi.

Ba ɓantarewa ba ce. Tsagewa ce, kuma a inda duk nauyin mota yake zaune.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Nazir ya iso da abokansa uku, duk cikin shadda. Ya ga uku suna walƙiya, ɗaya yana kwance fari fat da alli.

"Wanga hwa, Kawu?"

Abdoulkadir ya ja shi gefe don kada abokan su ji. Ya nuna masa layin da farcensa. "Ɗana, wanga ya mutu. Ko na yi mai walda, wuta za ta ƙara raunana shi. Ka bari a aiko da wani daga Yamai. Kwana goma sun isa. Gobe ku hau wata mota."

Nazir ya duƙa ya duba, ya yi dariya. "Wanga ɗan zanen? Ka shafe shi da fenti kawai."

"Fenti yana rufe ido, ba ya riƙe ƙarfe."

"To ni ido nike so a rufe! Duk Deule an san da wagga mota zan taho. In iso cikin ta haya?"

"Ba ni yi, Nazir. Hannuna ba ya rufe abin da zai kashe ka."

Nazir ya miƙe, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ai laifina ne da na kawo motar ga wajen mai tukwane. Kai mi ka sani ga mota? Ko keke mai kyau ba ka taɓa mallaka ba. In ba ka iyawa ka ce ba ka iyawa, ka bar yi mini fatan tsiya."

Abokan suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya ƙyalƙyale, ya rufe baki.

Abdoulkadir ya tsaya riƙe da jantin a ƙirjinsa. Wannan yaron shi ya yi masa kaciya, shi ya goya shi zuwa asibiti ranar da kunama ta harbe shi. Nazir ya miƙo hannu. Kayansa ne. Tsohon ya sakar masa.

Kai tsaye suka wuce wajen wani mai fentin motoci, Jibril.

Abdoulkadir ya rufe rumfa ya bi su a ƙafa. Ya tarar har Jibril ya cike tsagar da mastik, kwaɓin nan da ake shafawa kafin fenti, yana gogewa.

"Jibril, ka ji tsoron Allah. Ka san abin da ke ƙarƙashin nan."

Jibril bai ko ɗago ba. "Baba, ni fenti aka ce in yi, fenti nike yi. In na ƙi, wani za ya yi kahin magariba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi zafi.

Ya fito ya kira ƙanwarsa Kaltuma a waya. Ta cikin wayar yana jin dakan mata da hayaniyar shirin suna. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Yaya, tunda yaron ga ya samu, wa yake ji? Ni da na haife shi, in na yi magana sai ya aiko mini da turmin atamfa in yi shiru. Zan kira shi. Amma ka san shi."

Ta kira. Nazir bai ɗauka ba.

Da la'asar Abdoulkadir ya je gidan Nazir, ya sami Aziza ita kaɗai tana ninke kayan barka. Cikinta wata biyar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo ruwa. Bai sha ba.

"Ɗiyata, roƙonki na taho yi. Gobe kar ki shiga motar ga. Kujerarki bisa jantin nan take. Ki ce ba ki jin daɗi, ki ce komi."

Idanunta suka ciko. "Kawu, ya riga ya rantse. Ya ce in na bi maganarka, na nuna ma duniya ban yarda da shi ba, in tattara in koma gidanmu. Da wanga cikin in koma? Ka yi muna addu'a kawai."

Ya fito bai san inda zai nufa ba. Ya yi tunanin zuwa wajen jandarmomi. Ya je ya ce me? Mota da takardunta, jantunan huɗu suna sheƙi. Wa zai duba ya yarda? Ya je wajen limamin unguwa, liman ya ce zai yi masa nasiha idan ya zo sallar asuba. Nazir bai zo ba.

Asabar da hantsi, Abdoulkadir ya je ya tsaya a bakin gari, inda hanyar Buza, wadda ake bi zuwa Deule, ta fita. Ya ji ƙugin motar tun daga nesa. Ya shiga gefen hanya ya ɗaga hannuwa biyu.

Nazir ya kauce masa, ya danna oda, ya wuce. Abin da tsohon ya gani kawai fuskar Aziza ce ta juyo tana kallonsa ta gilashi, har ƙura ta rufe.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma ya tayar da tsohon babur ɗinsa ya bi bayansu. Ya san ba zai cim musu ba. Amma zama ya gagare shi.

Yana tafe yana salati. Duk lanƙwasar da ya sha sai ya runtse ido kafin ya duba gaba. Ya wuce gonakin albasa, ya hau tudu, ya sauka. Har ya fara cewa a ransa wataƙila shi ne ya tsufa, wataƙila ƙarfen zai riƙe.

Kafin a isa Buza akwai wani gangare da ke sauka cikin kwari, duwatsu hagu da dama. A nan ya hango garken shanu sun watse, makiyaya suna gudu zuwa wuri guda.

Motar tana kwance a kan gefenta na dama. Taya ɗaya ta yi can cikin ƙaya, da rabin janti a jikinta, fentin yana ta ƙyalli a rana.

Nazir yana tsaye, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ya ɗaga waya sama yana zagayawa yana neman layi, babu. Yana ihu, "Ku taimake ni! Tana ciki! Ko nawa ne ina biya!" Babu wanda ya kula da zancen biya.

Da ya ga kawunsa, sai wayar ta suɓuce daga hannunsa.

Abdoulkadir ya wuce shi ya nufi motar. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Aziza tana numfashi, hannunta na dama yana danne tsakanin ƙofa da dutse. Ya kira makiyayan, su bakwai, suka sa kafaɗa. Sau biyu motar tana koma musu. A na uku ta ɗagu, ya ja ta waje.

Sun fi rabin awa a bakin hanya, kanta a cinyarsa, ya ɗaure hannun da rawaninsa, jini yana ratsowa. Babu abin da ya rage masa sai kiran sunanta don kada ta yi barci. Daga ƙarshe wata babbar motar albasa ta tsaya, aka shimfiɗa ta a kan buhuna.

A asibiti aka ceci ranta. Cikin bai tsaya ba. Hannun ma likitoci suka ce ƙashin ya niƙe, dole aka yanke shi daga gwiwa.

Taron suna a Deule ya watse. Kaltuma ta iso da lallen biki a hannuwanta, ta zauna a ƙasa bakin ƙofar ɗakin da aka kwantar da Aziza tana kuka ba sauti.

Jama'a suna ta ce wa Abdoulkadir, "Ai kai ka hita, ka faɗi gaskiya." Shi kuwa maganar ba ta yi masa amfanin komai ba. Abu ɗaya ke yi masa yawo a kai: guduma tana kusa da shi a ranar Juma'ar nan. Da ya raba jantin biyu a gaban kowa, da Nazir ya zage shi, wataƙila ya kai shi ƙara, wataƙila ba zai sake gaishe shi ba har abada. Amma da Aziza tana da hannunta.

Kwana uku Nazir yana zaune ƙarƙashin itacen bedin da ke harabar asibitin, da shaddar da ya yi hatsari da ita. Bai shiga ɗakin ba. A rana ta huɗu ya taso ya durƙusa gaban kawunsa, ya kama ƙafarsa.

"Kawu, ka yahe mini. Ka buge ni, ka zage ni, ka yi mini komi."

Abdoulkadir ya dube shi. Ya nemi fushin a zuciyarsa bai samu ba, sai gajiya.

"Nawa mai sauƙi ne, Nazir. Na yahe tun a bakin hanya." Ya nuna ƙofar ɗakin da haɓa. "Ba ni za ka roƙa ba. Tana ciki. Tun jiya ta farka, kuma abin da ta fara tambaya, ko kai ka ji ciwo."

Nazir ya miƙe da kyar. Ya taka har bakin ƙofar, ya ɗora hannu a kanta, ya tsaya. Ya daɗe a haka kafin ya iya turawa.

Darasi: Idan wanda ya san aiki ya ce maka abu ya tsage, kada ka dubi rigarsa ko rumfarsa, dubi abin da yake nuna maka. Girman kai ba kullum mai shi yake kayarwa ba, sau da yawa wanda ke zaune kusa da shi ne yake biya, kuma nadama ba ta mayar da abin da aka yanke. Kai kuma da ka ga haɗari, kada kunya ko tsoron ɓacin rai su ɗaure maka hannu. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana riƙe da sitiyari da ran wani a gefensa. Allah Ya ba mu kunnen jin gaskiya tun tana da amfani.