Aron Tayoyi Biyu

Ranar Lahadi, sha bakwai ga watan Yuli na shekarar 1977, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, Gajere direba ya kafa jak a gindin motarsa a bayan tashar Talata Mafara. Daga nan abin ya faro.

Sunansa na yanka Jibrin, amma ba mai kiransa da shi sai yayarsa Taibatu ta Dosara, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Yana da babbar mota mai bodin katako, ya kuma iya tuƙi, wannan ba musu. Aibinsa ɗaya ne: abin da ido zai gani shi kaɗai yake gyarawa. Motar kullum cikin sabon fenti take, madubanta na walƙiya. Abin da ke ƙarƙashi kuwa, sai ranar da ya tsaya cik a hanya.

A lokacin ana tsakiyar aikin madatsar Bakolori. Leburori da magina suna zuwa daga Bakura da ƙauyukanta kowace safiya, kuma wahalar mota ta ishe su. Wata rana motar ta zo, wata rana su yini a bakin hanya. In an yi ruwa su isa jagab. Sai kamfanin da ke aikin ya ce yana neman mota ɗaya tabbatacciya. Za ta tashi Bakura ƙarfe shida daidai, ba ta ɗaukar fiye da mutum arba'in, da benci, da tamfol saboda ruwa, da birki mai ci, da tayoyi masu lafiya. An sa ranar Litinin wani ma'aikacin kamfani, Malam Falalu, zai duba motocin masu nema.

Gajere ya yi benci, ya ɗinka tamfol. Amma tayoyinsa na gaba sun cinye, zanensu ya shafe sarai. Ta hagun ma tana da wani kumburi a gefen ciki, kamar ƙwan zabuwa. Ya daɗe da ganinsa, ya shafe shi da baƙin mai, bai gaya wa kowa ba.

A zamanin aron taya ba baƙon abu ba ne a tsakanin direbobi. In za a duba motar mutum, sai ya karɓi na abokinsa na yini ɗaya, in an gama ya mayar. Gajere ya nufi Maiwada, dattijon direba mai jigila tsakanin Dosara da Mafara, wanda motarsu iri ɗaya ce, kuma bai fi wata biyu da sa sababbin tayoyi ba.

"Baba Maiwada, yini ɗaya tak. Litinin ai ba ka fita."

Maiwada ya duƙa ya shafa tayoyin Gajere ta waje. "Kai Gajere, wanga abu taya ne ko ƙoƙon kan Malami mai aski? Ko ƙuda ya sauka bisa sai ya zame."

'Yan tasha suka yi dariya, Gajere ma ya yi.

"Na ba ka," in ji Maiwada, "amma ka ji da kyau. Jibi Talata, kasuwa. Mutanen Dosara da na Kaya ba su da wata mota sai tawa. Gobe kafin la'asar ina son tayoyina."

"In Allah ya so, kafin azahar ma."

Aka kwance, aka musanya. Maiwada ya bar motarsa a tasha a kan tayoyin Gajere.

Ranar Litinin Gajere ya kai mota harabar kamfani tun ƙarfe takwas. Suka zauna har sha biyu da rabi, sannan aka fito aka ce Malam Falalu ya tafi Sakkwato, sai gobe Talata ƙarfe goma.

Gajere ya zauna a kan sitiyari yana lissafi. In ya mayar da tayoyi, aikin ya wuce shi, ga motoci uku suna nema. Bai koma tasha ba. Ya kai motar bayan gidan wani abokinsa a ƙarshen gari, ya lulluɓe ta da tamfol, ya dawo a ƙasa.

Maiwada na jiransa a gindin motarsa, da sifana a hannu.

"Ina mota?"

"Baba, sun kulle ta cikin harabarsu. Sun ce duk motar da ta shiga ba ta fita sai an duba."

"Ƙaƙa ka ce? To ni da mi zan ɗauko mutane gobe?"

"Ga nawa nan. Shekara biyu suna kai ni Bakura suna maido ni, su kasa kai ka yini ɗaya? Ka dai tafi sannu."

Maiwada ya dube shi, ya dubi tayoyin. Ya san mata sun riga sun ɗaure kayansu, an kuma yi cinikin awaki da za a kawo. Ya ce, "Allah shi kyauta," ya hau mota don ya kwana Dosara kamar yadda ya saba.

Ya tada inji ke nan Gajere ya riƙe ƙofa. Taibatu ba ta fashin kasuwar Talata, daddawa take kawowa, kuma a benci na gaba take zama, ta hagu.

"Baba, in ka isa ka ce ma Yaya Taibatu kada ta zo kasuwa gobe."

"Don mi?"

"Ba komi. Ƙafarta na ciwo. Ta huta."

Kalma ɗaya ta rage ya faɗa, ta kuma zo masa har baki. Ya saki ƙofar, mota ta tafi.

Ranar Talata aka wayi gari da yayyafi. Ƙarfe goma saura kwata Malam Falalu ya fara dubawa. Mutum ne mai tsanani, har ƙarƙashin mota yake shiga. Ya kori mota ta farko saboda birki, ta biyu saboda ba tamfol, ta uku katakonta ya ruɓe. Da ya zo kan ta Gajere ya sa yatsa cikin zanen taya, ya jinjina kai.

"Ga direban da ya san darajar ran mutane," in ji shi. "Ka fara ran ɗaya ga wata."

Ƙarfe goma da minti ashirin da biyar ke nan. Gajere ya fito yana danna ham, ya nufi tasha don ya mayar da kayan aro tun da wuri.

Ya tarar da tasha ba kowa sai mai shayi. Kasuwa ma ta yi wani iri, mutane na gudu zuwa hanyar Maradun, wasu a kan keke, wasu a ƙasa.

"Lafiya?"

"Motar Dosara," in ji mai shayi. "Tun tara da rabi. Taya ta fashe bisa gangare."

Wurin mil huɗu ne daga gari, inda hanya ke gangarawa kan wani kwalbati. Motar na kwance a ramin ruwa, ƙafafunta a sama. Buhunan gero sun fashe, awaki na kuka a ɗaure. Abin da Gajere ya fara gani ita ce tayar hagu, a yage ta gefen ciki, daidai inda ya shafa baƙin mai. An jera mutum tara a gindin wata marke, an rufe su da zannuwansu. Bai tambayi kowa ba. Ya san zanen da ke na uku, shi ya saya wa Taibatu da ƙaramar salla.

Wata mata mai suna Batulu, maƙwabciyar Taibatu, tana zaune a ƙasa da karyayyen hannu. Da ta gan shi ta ce, "An gaya mata saƙonka. Dariya ta yi. Ta ce yau da za a duba motar Jibrin ita za ta zauna gida? Har fura ta dama maka."

Motar Gajere aka sa aka kwashe masu rauni zuwa asibiti, a kan sababbin benci, ƙarƙashin sabon tamfol.

Sai bayan kwana shida ya iya shiga ɗakin da Maiwada ke kwance. Ƙashin bayan dattijon ya karye, ƙafafunsa ba sa motsi. Gajere ya durƙusa ya yi gaisuwa. Maiwada ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, har ya yi masa ta'aziyyar yayarsa. Sannan ya ce:

"Kwana shida ina kwance ina tunanin abu guda. Ƙafar Taibatu lafiya lau take, na ga hawanta mota da idona. Ka san da kumburin nan, ko ba haka ba?"

Gajere ya sunkuyar da kai.

"Shi ya sa ka ce kada ta zo. Ita kaɗai ka tuna. Mu talatin da ɗaya da munka saura fa, Gajere? Mu ba mu da 'yan'uwa?"

Maiwada bai sake yi masa magana ba, ran nan ko wata rana.

Ɗaya ga wata ta zo, leburorin Bakura suka tsaya bakin hanya ƙarfe shida, mota ba ta zo ba. Gajere ya je da ƙafarsa ya faɗa wa Malam Falalu gaskiya, aka ba wani aikin. Bai ƙara riƙe sitiyari ba.

Ga waɗanda suka rage bayan haka. Maiwada, wanda ya yi shekara huɗu a kan tabarma kafin ya cika. Batulu, da hannu ɗaya a shanye. 'Ya'yan Taibatu uku, Larai da Sambo da Nagode, aka raba su gidajen dangi. Wani jariri daga Kaya da aka tsinta a cikin ciyawa ba ko ƙwarzane, uwarsa na cikin taran nan. Sai Gajere, wanda ya koma gadi a wani sito a Mafara, ya tsufa a can.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, dubawar da ake yi wa mota, ko jirgi, ko duk abin da ke ɗaukar mutane, ba don mai dubawa ake yin ta ba, don waɗanda za su hau ne. Wanda ya ɓoye aibi don ya tsallake bincike bai kawar da aibin ba, ya dai miƙa shi ga wasu da ba su sani ba, kuma ba shi ne zai zaɓi wanda abin zai faɗa wa ba. In ka san da haɗari, ka faɗe shi a fili ga kowa tun da sauran lokaci, ko da faɗin zai raba ka da abin da kake nema.