Manomin da Ya Yi Noma a Kwalba

Akwai wani manomi da matarsa, suna zaune a wani ƙauye a bakin kogi. A shekarar da suka yi aure ya dasa mata ɗoɗɗoya a ƙofar ɗakinta, don ya ji tana son ƙanshinta a miya. Shi bai iya daɗin baki ba, abin da ya iya ke nan.

Wata damina kogi ya cika ya tumbatsa, ya cinye gonar, ya rushe gidan. Suka tsira da ransu, suka tafi birni, suka kama hayar ɗaki guda a saman bene. Duk inda mutum ya taka siminti ne. Mutumin ya sami aikin dako a kasuwa. Bai yi gunaguni ba, amma ya zama mai yawan shiru.

Matar kuwa, ranar da suka bar ƙauye, ta karyo rassan ɗoɗɗoya uku ta naɗe su a jiƙaƙƙen zane. Da suka sauka sai ta wanke kwalabe uku, ta cika su da ruwa, ta tsoma rassan, ta jera a taga. Ta taɓa ganin reshe ya faɗa cikin ruwan da ke taruwa a gindin randa, ya yi saiwa.

Mijin ya ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Gonarka ce, Maigida."

Ya ce, "Gona a kwalba, sai ka ce maganin tari." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Idan Lahadin godiyar kaka ta zo, ki tafi ke kaɗai. Tun ina saurayi ban taɓa shiga majami'a a ranar ba dami a kaina ba. Ba zan shiga hannu wofi ba."

Maganar ta yi mata nauyi, gama ta san idan ya zauna a gida a wannan rana, da wuya ya sāke komawa.

Amma manomi ba ya iya kallon shuka da yunwa. Kullum in ya dubi rassan nan cikin ruwa zalla, sai tausayinsu ya kama shi. Wata rana ya bi ta wurin masu sayar da awaki, ya ɗebo kashin awaki a aljihu, ya murtsuke, ya zuba a kwalba ta fari da ta biyu. Kafin ya kai ga ta uku ya ji takun matarsa a matakala, ya janye hannu.

Ba a daɗe ba ruwan kwalabe biyun ya yi baƙi, ya fara wari, rassan suka ruɓe.

Matar ta duba ta ce, "Wa ya ciyar mini da baƙina?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne. Na ga ba su da abinci."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "A gona taki abinci ne, don ƙasa tana dafa shi. A kwalba babu mai dafawa. Riƙe mini wannan."

Ta miƙa masa reshen da ya rage, ta fara tsinke ganyayen ƙasa.

Ya ce, "Ganye lafiyayye kike zubarwa?"

Ta ce, "Duk wanda ya nutse a ruwa ruɓewa zai yi, ya ja sauran."

Daga ranar shi ya karɓi aikin. Kafin ya tafi kasuwa yakan sauka famfo ya ɗebo sabon ruwa, ya ɗauraye kwalbar, ya mayar da reshen a hankali, ya juya shi wajen haske. An ɗauki lokaci ba a ga kome ba. Sai wata safiya ya kira ta da sunanta na ƙuruciya, ya ɗaga kwalbar. Ga saiwoyi farare, sirara kamar zare. Shekarunsa duka yana noma, bai taɓa ganin saiwa tana girma ba, gama ƙasa takan ɓoye ta.

Da reshen ya yi tsawo suka yanka, suka tsoma a wata kwalba, ita ma ta kama. Maƙwabciya ta ba su na'a-na'a. Kafin kaka taga ta cika, har masu hawa bene suna tsayawa su shaƙi ƙanshi.

Lahadin godiya ta zo. Masu buhunan masara suka wuce gaba, masu doya da masu kaji suka bi, zumuntar mata tana waƙa. Sai ga manomin nan a tsakiyarsu, ya sa rigarsa mai kyau, ya riƙe kwalbar ɗoɗɗoya da hannu biyu.

Dattijon da ke karɓar baiko ya dube shi ya ce, "Ɗan'uwa, wannan a wace fadama aka noma ta?"

Ya ce, "A taga, Baba. Hawa na biyu."

Jama'a suka yi dariya, shi ma ya yi, amma bai sunkuyar da kai ba. Ya ɗaga kwalbar don kowa ya ga saiwoyin, ya ajiye ta a gaba tare da buhuna. Matarsa tana cikin mawaƙa, ta kasa ci gaba da baitin, tana kallonsa kawai.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: da yawa a cikinmu an tumɓuke mu daga inda muka saba. Wani ruwa ne ya kore shi, wani rashin aiki, wata kuma rasuwa ce ta sauya mata gida. Muna tsammani sai Allah ya mayar mana da tsohuwar gona kafin mu ba da amfani. Ubangiji kuwa yana iya rayar da mu a ɗan wurin da muke, muddin muna cikin ruwan Maganarsa, muna sabunta shi kowace safiya, gama addu'ar makon jiya ba ta isa ta yau ba.

Ku lura, ƙauna ce ta sa manomin ya zuba takin, ba mugunta ba. Dabarar da ta yi mana aiki a dā tana iya kashe abin da Allah yake rayarwa yanzu, idan muka ƙi sauraron wanda ya ajiye kusa da mu. Akwai kuma abubuwa masu kyau da za mu tsinke mu bari, ko da zuciya ba ta so.

Kada wani ya ƙi zuwa gaban Ubangiji don abin hannunsa kaɗan ne. Abin da ka raya da aminci a cikin ƙunci, ɗauko shi da hannu biyu, ka shiga layi tare da masu buhu, kanka a ɗage.